Fitila Huɗu, Suna Ɗaya: Tsokaci a Kan "Botan Doro" na San'yutei Encho

Duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami da niyyar juya labarin wata al'umma zuwa harshensa zai shaida cewa manyan kalmomi ba su cika wahalar da mutum ba. Na addini da na falsafa akwai ƙamus, akwai kuma malaman da za a tambaya. Inda ake yin tuntuɓe shi ne a tarkacen tsakar gida, wato tukunya da tabarma da fitila, domin kowa gani yake ya san su, don haka ba ya tsayawa ya duba. A wannan fitowa ina so in yi tsokaci ne a kan wani tsohon labari na ƙasar Japan wanda rabin ma'anarsa ke rataye a jikin kalma ɗaya tak ta cikin sunansa, kalmar da kuma ita ce ta fara salwanta ranar da labarin ya ƙetare teku. Sunan labarin Botan Doro. Turawa sun fassara shi da abin da za mu ce "Fitila Mai Furen Botan", mu ma in aka bar mu da gaggawarmu haka za mu ce. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ta yi kama da a tambayi mutum wace dabba ce ta shiga gona, ya ce mai ƙafa huɗu ce.

Bari in fara da labarin a taƙaice saboda waɗanda ba su taɓa cin karo da shi ba. A birnin Edo, wanda yau ake kira Tokiyo, an yi wani saurayi mai suna Hagiwara Shinzaburo, ɗan gidan barade ne amma ba shi da ubangidan da yake yi wa aiki, yana zaune a unguwar Nezu yana cin abin da ya gada. Wata rana wani likita mai ɗan karen surutu, Yamamoto Shijo, ya ja shi kallon furanni, a hanya suka ratse gidan wata budurwa mai suna Otsuyu, 'yar wani babban barde da ake kira Iijima, wadda ke zaune ita da kuyangarta Oyone saboda ba sa ga-maciji da ƙwarƙwarar ubanta. Gani ɗaya suka yi wa juna so ya kama su. Shi Shinzaburo kunya ta hana shi komawa shi kaɗai, likita kuwa ya tsorata da abin da ya haɗa, ya ɗauke ƙafa. Watanni suka shuɗe, sannan ya zo da labarin cewa bege ya kashe yarinya, kuyangarta ma ta bi ta.

A daren 13 ga watan bakwai, wato farkon bikin Obon, lokacin da Japanawa ke cewa matattu na dawowa gida ziyara, Shinzaburo na zaune shi kaɗai sai ya ji takun takalman katako a bayan shinge. Ya leƙa, sai ga Oyone riƙe da fitila mai adon furen botan, uwar ɗakinta na biye da ita. Suka ce ai su ma an gaya musu shi ne ya mutu, makirci ne kawai na mutane. Daga ranar kullum dare sai sun zo, kafin asuba su tafi. Baransa Tomozo ya ji muryar mace a ɗakin maigida, ya leƙa ta wata kafa, ya ga maigidansa a cikin gidan sauro yana hira da ƙwarangwal. Aka gargaɗi saurayi, ya fita neman gidan da suka ce masa suna zaune, bai samu ba, sai a maƙabartar wani ɗakin bauta ya tarar da sababbin kaburbura, ga fitilar nan mai furen botan a gabansu. Wani malamin addinin Buddha ya ba shi takardun tsari ya manna a kowace kafa ta gida, ya kuma ba shi wani ɗan gunki na zinariya ya riƙa rataya shi a jiki. Fatalwa ta rasa hanyar shiga. Sai kuyanga ta je wurin Tomozo ta roƙe shi ya ɓamɓare takarda ɗaya. Matarsa Omine ta ce ya yarda, amma sai an ba su ryo 100, wato dunƙulen zinariya ɗari. Aka kawo kuɗi, aka cire takarda, da gari ya waye aka sami Shinzaburo matacce tare da ƙasusuwan mace.

Wannan shi ne ɓangaren da duniya ta sani. To, yanzu sai mu koma ga fitilar.

Abin da mu za mu kira fitila kurum, Japanawan wancan zamani suna da aƙalla suna huɗu da suke raba shi da su, kowane da wurinsa da mutanensa da lokacinsa. Na farko chochin, ana furta shi "coocin", kuma ba shi da haɗi da cocin da muka sani. Ita ce fitilar fita waje: siraran tsinken gora a naɗe kamar gammo bisa gammo, an liƙa musu takarda, ana kafa kyandir a gindinta, in an gama a danne ta ta naɗe ta koma kamar faifai. Tana da iri-iri. Akwai ta garin Odawara, mai kama da ganga, wadda matafiya ke naɗewa su cusa a ƙirjin riga. Akwai yumihari mai mariƙi kamar baka, irin wadda dogarawan birni ke riƙewa in sun fita kamun ɓarawo. Akwai takahari da ake ɗaurawa a kan doguwar sanda a ƙofar gidan babban mutum. Abin lura a nan shi ne, a kan rubuta tambarin gida ko sunan kanti a jikin chochin, saboda haka tun daga nesa mai gadi ya san ko wane ne tafe. Fitila ce ta mai rai wanda ke da gida da suna da inda za shi.

Na biyu andon, fitilar cikin ɗaki. Firam ne na katako da aka lulluɓe da takarda, a ciki akwai ɗan kasko na mai da lagwani na ɓargon wata ciyawar fadama. Kyandir tsada gare shi, shi ya sa aka bar shi ga fita da hidimar masu hali, a gida kuwa mai ake ƙonawa: mai ɗan abin hannu ya sayi man ƙwayar natane, talaka ya sayi man kifi mai hayaƙi da ƙarni. Daga nan ne ma camfin nan nasu ya samo tushe, na tsohuwar kyanwa da ke miƙewa tsaye cikin dare tana lasar man fitila. Akwai ƙaramar andon ta gefen shimfiɗa da ake kifa wa akwati mai huda kamar jinjirin wata don haske ya ragu, sunanta ariake, wato watan da ke kaiwa asuba bai faɗi ba. Na uku bonbori, 'yar fitila mai kusurwa shida a kan ƙafa, mai laushin haske, wadda har yau ake jerawa a gefen 'yan tsana ranar bikin 'yan mata, 3 ga Maris. Ita ba ruwanta da labarinmu, na ambace ta ne don lissafi ya cika.

Na huɗu shi ne toro, kuma kada mai karatu ya tuna da toron agwagwa ko toron kuɗin da. Asalin toro fitilar wurin bauta ce, ta shigo Japan daga ƙasar Sin tare da addinin Buddha. Akwai ta dutse, akwai ta tagulla. Wadda ke gaban babban ɗakin bauta na Todaiji a birnin Nara tun ƙarni na 8 take tsaye a wurin. Akwai kuma ta takarda ko ta kyalle da ake yi musamman saboda Obon, a rataya a gida don baƙin lahira su gane ƙofa, ko a kai kabari, ko a ɗora a kan ruwa ranar sallamarsu ta bi kogi ta tafi. Wannan na ƙarshe shi ake yi a Hiroshima duk daren 6 ga Agusta don tunawa da waɗanda bam ɗin 1945 ya hallaka. Idan kalmar ta biyo bayan wata a haɗe sai "t" ɗinta ta koma "d", shi ya sa botan da toro suka ba da Botan Doro.

Ga inda gizo ke saƙar. Budurwa 'yar babban gida da ta fito da dare ita da kuyangarta, abin da ya kamata a gani a hannun kuyangar shi ne chochin mai tambarin gidan Iijima. Amma abin da Oyone ta riƙo toro ce, ba tambari, ba suna, sai furen botan na siliki. Mutumin Edo da ke zaune a zauren hira ya gane komai tun kafin mai ba da labari ya buɗe baki, domin sunan labarin kansa ya riga ya gaya masa. Shinzaburo kaɗai ne bai gane ba, ko kuma bai so ya gane ba. Saboda haka tsoron da ke cikin wannan dare ya sha bamban da tsoron ba-zata irin na fina-finan da ake firgita mutum da ƙara. Tsoro ne irin na wanda ke kallon makaho ya nufi rijiya, yana gani amma ba shi da bakin kira. Duk zaƙin hirar masoyan nan biyu a daren farko, da rantsuwoyin da suke yi wa juna, mai sauraro yana jin su ne alhali idonsa na kan abin da kuyanga ta ajiye a bakin ƙofa. Har furen ma bai zo a kan lokacinsa ba: botan a watannin Afrilu da Mayu yake fitowa, ga shi an gan shi a tsakiyar zafin watan bakwai na tsohuwar kalanda. Sunan yarinyar kuma, Otsuyu, daga kalmar raɓa yake, wadda mawaƙansu suka daɗe suna kwatanta gajartar rai da ita.

Kada in cika baki. Iyakar da ke tsakanin kalmomin nan ba katanga ba ce. Akwai chochin da ake yi don Obon, kamar irin ta garin Gifu mai siririyar takarda da zanen ciyayi, kuma akwai toro ta dutse a lambun masu kuɗi wadda ba ta tuna wa kowa mutuwa. Abin da nake cewa shi ne, toro ta hannu, a daren 13 ga watan bakwai, a titin da ba kowa, ba ta da fassara biyu.

Wani abin sha'awa shi ne ma'anar nan ba da ita aka haifi labarin ba, a hanya ya tsince ta. Asalinsa daga Sin yake, cikin wani kundin labarai da Qu You ya rubuta wajen 1378, wanda sunansa ke nufin sababbin labaran da ake bayarwa ana gyara lagwani. A can, abin ya faru ne a daren 15 ga watan farko, daren bikin fitilu, lokacin da gari duka ke fitowa kallo, maza da mata, kowa da fitilarsa. A irin wannan dare mace mai fitilar botan ba abin tuhuma ba ce, ɗaya ce cikin dubu, don haka mai karatu yana ruɗuwa tare da tauraron labarin, sai can gaba ne ake gano akwatin gawa da fitila a rataye a gabansa, da kuma cewa kuyangar ma 'yar tsana ce irin wadda ake ajiye wa mamaci. Da Asai Ryoi ya juya labarin zuwa Japananci a 1666 sai ya ɗauke shi ya kai birnin Kiyoto, ya kuma sauya masa wata, daga bikin masu rai zuwa bikin matattu. Wannan ɗan sauyi, a ganina, ya fi duk abin da aka ƙara wa labarin daga baya muhimmanci. Ryoi bai tsaya ga fassara kalma da kalma ba. Ya tambayi kansa a wane dare ne mutanensa ke kunna irin wannan fitila, ya kai labarin can, fitila ta tashi daga ado ta koma shaida.

San'yutei Encho, wanda aka haifa a 1839 ya rasu a 1900, shi ne ya mayar da ɗan gajeren labarin nan doguwar hira ta darare da yawa, a farkon shekarun 1860, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Sana'arsa rakugo, wato mutum ɗaya ya durƙusa a kan matashi, ba shi da komai sai mafici da ɗan hankici, ya zama kowa da kowa a cikin labari ta hanyar sauya murya da juya fuska. Da yake da kunne ake cin abincinsa, sai ya ba fitilar nan abokin tafiya, wato ƙarar takalmi. A al'adar zane da wasan kwaikwayo na Japan fatalwa ba ta da ƙafa, daga gwiwa zuwa ƙasa hayaƙi ce. Ta Encho kuwa tana tafe da takalman katako, ana jin takunta tun daga nesa, yana matsowa. Wannan taku shi ne abin da Japanawa suka fi tunawa a labarin har gobe. Dubi yadda abubuwan biyu ke jayayya: kunne na cewa mai rai ce tunda ga taku, ido na cewa matacciya ce tunda ga toro. Shinzaburo ya bi kunnensa. Marubucin da ke son koyon yadda ake sa mai karatu ya san abin da tauraro bai sani ba, ba tare da an tsaya an yi masa lacca ba, ya zauna da wannan fage ya yi ta maimaitawa.

Akasarin waɗanda suka san labarin a wajen Japan ta hannun Lafcadio Hearn suka san shi, ɗan jaridar nan haifaffen Girka da ya isa Japan a 1890 ya zauna har mutuwarsa a 1904. Ya ga wasan kwaikwayon da aka yi da labarin a Tokiyo, ya zauna da wani abokinsa suka juya ɓangaren fatalwar zuwa Turanci, ya buga a littafinsa In Ghostly Japan a 1899. A yi masa adalci, ya lura da batun fitilar. Ya yi bayani a ƙasan shafi cewa ba irin fitilar hannu mai tambarin gida ba ce, ta fi kama da wadda ake yi don bikin matattu. To amma abin da aka kai ƙasan shafi an riga an fitar da shi daga jinin labari. Mai karatu zai karanta fagen da zuciyarsa, sannan ya sauko ya karanta bayanin da ƙwaƙwalwarsa, in ma ya sauko ke nan. A cikin labarin kansa kalma ɗaya ce ta Turanci ke ɗaukar fitilar kuyanga da fitilar ɗakin kwana. Alhali a fagen da Tomozo ke leƙe, fitilu biyu ne ke fuskantar juna: andon ta gida, mai ɗumi, wadda a ƙarƙashinta ake cin abinci ana ɗinki, da toro ta maƙabarta da aka shigo da ita har ɗaka.

Laifin Hearn na biyu ya fi wannan girma, ko da yake ya faɗa da bakinsa cewa ɓangare ya ɗauka. Ya yanke labarin a gawar Shinzaburo, ya bar wa duniya tatsuniyar soyayya da fatalwa. A wurin Encho wannan ko rabi bai kai ba. Babi-babi yake karɓa-karɓa tsakanin labarin fatalwa da labarin gidan Iijima, inda ƙwarƙwara Okuni da kwartonta ke ƙulla kashe maigida, wani bara mai amana da ake kira Kosuke kuma ke ƙoƙarin kare shi. Sannan bayan mutuwar Shinzaburo labari ya bi kuɗin. Tomozo da Omine suka gudu garin Kurihashi suka buɗe kanti da ryo ɗarin nan, arziki ya zo, Tomozo ya fara neman wata mace, wadda ba kowa ba ce illa Okuni. Omine ta gano, cikin faɗa ta fara tona asirin inda jarin ya fito, shi kuwa ya lallashe ta, ya ja ta bakin kogi ya kashe ta. A nan ne ainihin ƙarfin littafin yake. Otsuyu kyakkyawa ce amma ba ta da wani hali sai so. Ko cinikin cire takardar tsari kuyangarta ce ta yi. Omine kuwa mace ce da za ka rantse ka taɓa zama maƙwabcinta: talauci ya koya mata lissafi, ta ji labarin fatalwa, maimakon ta suma sai ta yanka mata farashi. Fagen da take zaune da dare tana jan mijinta da magana har ta kai shi ga ryo ɗari ya fi fagen ƙwarangwal tayar da tsikar jiki, don babu wani abu a cikinsa da ba zai iya faruwa a gidan kowa ba.

Japanawa na da wata kalma, chochin-mochi, mai riƙe wa wani fitila. Asalinta baran da ke wucewa gaba yana haska wa maigida hanya, daga baya ta koma sunan ɗan amshin Shata, har 'yan jaridarsu na kiran sharhin da aka rubuta don yabo kawai da sunan sharhin chochin. Ba na so a ce na riƙe wa Encho fitila, don haka ga inda nake ganin ya gaza.

Na ɗaya, ɓangaren Kosuke cike yake da dacen da hankali ba ya ɗauka. Yaron da aka kashe ubansa yana ƙarami ya girma ya shiga aiki, cikin duk gidajen Edo, a gidan wanda ya kashe uban, bai sani ba. Daga baya ya gamu da uwarsa da suka rabu tun yana yaro, sai ga shi ita ce matar uban Okuni, macen da yake farauta. Mai sauraro da ke zuwa zaure dare bayan dare yana iya yafe wannan, don kowane dare yana bukatar abin mamakinsa, amma a takarda ɗinkin yana fitowa fili. 'Yan'uwa masu rubuta littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, sun san wannan jarrabawa sarai.

Na biyu ya fi ci mini rai, don ya taɓa fitilar da kanta. Can gaba a Kurihashi, da likita Shijo ya matsa wa Tomozo, sai Tomozo ya ce ai shi ne ya kashe Shinzaburo, ya tono ƙasusuwa ya jera a gefensa, ya baza labarin fatalwa don ya rufe sawu. To in haka ne, wa ya riƙo toro? Takun wa aka ji? Ryo ɗari daga ina? Mun ga fatalwar nan da idon Shinzaburo a lokacin da Tomozo ba ya wurin, ba yadda za a yi a ce ƙirƙirarsa ce. Masu kare Encho na cewa zamani ne ya tilasta shi. Lokacin da aka buga littafin gwamnatin Meiji na kiran jama'a zuwa ga wayewa, ana yi wa camfi kallon abin kunya, shi kansa Encho a wani labarin nasa ya yi wasa da cewa yanzu fatalwa ciwon jijiya ake kiranta. Fitilun gas sun kama a Yokohama a 1872, a unguwar Ginza ta Tokiyo a 1874, fitilar kananzir kuma tana korar andon daga ɗakuna. Duk na yarda da wannan a matsayin dalili. Amma dalili daban, gyara daban. Marubuci ya gina gida a kan abu ɗaya, sannan ya dawo da kansa ya ce abin nan babu shi. Iyakar uzurin da zan iya karɓa shi ne a ce Tomozo maƙaryaci ne tun asali, kuma mai yiwuwa ya fi son a ɗauke shi mai kisa da a ɗauke shi baran da ya sayar da maigidansa ga matattu. In haka Encho ya nufa, bai ba mu abin da za mu riƙe ba.

Duk da haka littafin ya yi wani aiki da mai shi bai nufa ba. A 1882 Takusari Koki ya fito da hanyar rubutun gaggawa ta Japananci. Almajiransa biyu, Wakabayashi Kanzo da Sakai Shozo, suka zauna a zauren da Encho ke hira suka ɗauke maganarsa yadda take fita daga bakinsa, aka buga a 1884. Kafin nan harshen rubutu a Japan daban yake da harshen baka, tsohon salo ne da ba mai magana da shi a kasuwa. Sai ga littafi da ke magana kamar mutum. Futabatei Shimei, wanda ake lissafa Ukigumo nasa na 1887 a matsayin farkon ƙagaggen labari na zamani a Japan, ya faɗa daga baya cewa da ya rasa yadda zai rubuta, Tsubouchi Shoyo ne ya ba shi shawarar ya bi yadda Encho ke ba da labari. Ashe zuben zamani na wata babbar ƙasa daga bakin mai hira ya koyi tafiya. Wannan ya isa abin tunani ga duk wanda ke ganin sai ya nisanci Hausar tsakar gida sannan rubutunsa zai yi daraja.

Saura tambayar da ta sa na ɗauko wannan magana tun farko: in ɗayanmu ya tashi juya Botan Doro zuwa Hausa, yaya zai yi da fitilun? Andon ba ta da wuya sosai. Aci-balbal 'yar'uwarta ce ta jini, kasko da mai da lagwani, bambancin kawai rigar takarda, kuma Bahaushe na jin aci-balbal ya san ɗakin da ake nufi da irin hasken da ke cikinsa. Chochin ma ana iya lallaɓawa, don aikin da take yi shi fitilar ƙwai ta yi mana shekara da shekaru, a hannun mai raka baƙo ko mai zuwa kiran ungozoma, sai dai a ƙara cewa ta takarda ce mai tambarin gida. Mu ma ashe muna da kalmomin, mun dai saba ne mu rubuta "ta kunna fitila" mu wuce, alhali yarinyar da ke karatu da aci-balbal da wadda ke karatu da fitilar ƙwai ba gida ɗaya suka fito ba.

Toro ce matsalar, domin mu ba ma kunna wa mamaci fitila, ba mu da daren da ake jiran dawowarsa, saboda haka babu kalmar da za a ɗauko daga rumbu. In aka ce "fitilar matattu" an yi ihu a inda Japananci ya yi raɗa, an kuma mayar da Shinzaburo wawa, don ba mai hankalin da zai buɗe wa mai irin wannan fitila ƙofa. In aka ce fitila kurum an koma gidan jiya. Ni dai da ni ne, zan bar kalmar toro yadda take, ba tare da bayanin ƙasan shafi ba, amma in yi abin da Ryoi ya yi ta wata fuska: in shigar da ilmin cikin labarin tun kafin a bukace shi. Encho ya riga ya nuna Shinzaburo yana shirya wa Otsuyu wurin tunawa a gidansa da Obon ya zo. A nan mai fassara zai ƙara jimla biyu ko uku, ya nuna maƙwabta na rataya toro a ƙofofinsu, yaro ya tambayi uwarsa ta wace ce, ta ce ta kakarka ce, don kada ta ɓata hanya. Shafi biyu bayan haka, in aka ji taku a bayan shinge aka ce ga kuyanga riƙe da toro mai furen botan, mai karatu a Kano ko Damagaram zai san abin da mutumin Edo ya sani, a daidai lokacin da ya san shi. Sunan littafin kuwa zan bar shi Toron Botan, ko da wani zai ɗauka labarin agwagwa ne kafin ya buɗe.